Yadda saƙo ke ratsa hayaniya, da inda sirrinsa ke yoyo

A watan Disamba na 2021 Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi wani gwanjo a Abuja. Hajar da aka kasa ba a ganinta da ido: yanki biyu ne na zangon rediyo a kusa da gigahaz 3.5, kowanne mai faɗin megahaz 100 (haz shi ne ma'aunin yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa; megahaz haz miliyan ne, gigahaz kuma haz biliyan). Kamfanonin MTN da Mafab ne suka yi nasara, kowannensu a kan dala miliyan 273.6. Duk wanda ya ji wannan kuɗi zai so ya san abin da ke cikin megahaz 100 da har ya kai haka tsada. Amsar tana cikin wata maƙala da aka buga a Amurka tun 1948.

Marubucinta Claude Shannon, masanin lissafi ɗan jihar Michigan, yana da shekara 32 a lokacin, yana aiki a Bell Labs, cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T. Matsalar da ya sa a gaba ita ce hayaniya. A bakin injiniyoyi, hayaniya na nufin duk wani abu da ke shiga layi ya gurɓata sigina: motsin da zafi ke haddasawa a cikin na'urar kanta, walƙiya, tartsatsin injina, da siginar wasu mutane da ke magana a zango ɗaya. Babu layin da ya tsira daga gare ta. Kafin Shannon, an ɗauka cewa in kana son rage kuskure, ko dai ka ƙara ƙarfin sigina, ko ka yi ta maimaita saƙo har saurinsa ya koma kamar babu.

Shi da ya tashi, sai ya fara da awo. Ya ce bayani abu ne da ake iya aunawa, ma'auninsa kuma shi ne bit, wato amsar tambaya guda mai zaɓi biyu, e ko a'a, 1 ko 0. Yawan bayanin da ke cikin saƙo kuma gwargwadon rashin tabbas ɗin da ya kawar ne. Abin da ka riga ka san za a faɗa bai ƙare ka da komai ba. Shi ya sa in aboki ya turo maka "slm ykk, lfy" kake karantawa ba tare da tuntuɓe ba, duk da an zubar da yawancin wasulan: harshe na ɗauke da rara mai yawa, haruffan da mai karatu zai iya cikewa da kansa. Shannon ya ƙiyasta cewa kusan rabin rubutun Turanci rara ne.

Daga nan sai aikin ya rabu gida biyu, kuma a kallon farko kamar suna karo da juna. Na farko, a matse saƙo, a zubar da rarar da ba ta da amfani. Na biyu, a sake ƙara masa wata rarar, amma wadda aka tsara da lissafi domin ta kama kuskure. Tsarin GSM, wanda ya shigo Najeriya a 2001, misali ne mai kyau. Murya a layin tarho na zamani tana cin bit 64,000 a daƙiƙa. Wayar GSM tana matse ta zuwa 13,000, sannan ta ƙara mata lambobin kariya ta koma 22,800 kafin ta sake ta a iska. A kowane kashi ɗaya cikin 50 na daƙiƙa, bit 260 na murya sukan zama 456. Ba a ma yi wa dukkansu kariya iri ɗaya ba: 78 daga cikin 260 ɗin ana barinsu haka nan, domin ko sun lalace kunne ba zai damu sosai ba.

Babban abin da Shannon ya tabbatar shi ne cewa kowane layi yana da iyakar saurin da zai iya ɗauka. Muddin kana ƙasa da wannan iyaka, akwai dabarar tsara saƙo da za ta rage kuskure har ya zama kamar babu, komai hayaniya. In ka haura ta kuwa, babu dabarar da za ta cece ka. Ashe hayaniya sauri take tauyewa, ba ta hana saƙo isa daidai.

Lissafin iyakar ba shi da wuya. A raba ƙarfin sigina da ƙarfin hayaniya, a ƙara 1, sannan a duba sau nawa za a riɓanya, 2, 4, 8, 16, kafin a kai wannan adadi. Amsar sai a ninka ta da faɗin zangon. Tsohon layin tarho na da faɗin kusan haz 3,000, siginarsa kuma ta fi hayaniya kamar sau 1,000. Daga 1 zuwa 1,000 riɓanyawa 10 ce, saboda haka iyakar ta kama kusan bit 30,000 a daƙiƙa. Waɗanda suka shiga intanet ta layin tarho a shekarun 1990 za su tuna na'urorin da saurinsu ya tsaya a kusa da wannan iyaka, a 33,600. Ba gazawar masu ƙera su ba ce, bango suka tarar.

Yanzu a ninka ƙarfin sigina a wannan layi. Riɓanyawa ta tashi daga 10 zuwa 11, sauri ya tashi daga 30,000 zuwa 33,000 kacal. An biya wuta ninki biyu, an samu ƙarin kashi 10 cikin 100. In kuwa faɗin zango aka ninka, sauri zai kusa ninkawa. Ga dalilin tsadar megahaz 100 ke nan. A wayar salula ma abin ya fi haka muni, domin ƙarfin siginarka hayaniya ne ga maƙwabcinka. Kamar masu hira a gefen injin niƙa ne: kowa ya ɗaga murya don a ji shi, sai muryoyin su taru su fi injin damun kowa.

Sai dai Shannon ya nuna akwai dabarar da za ta kai iyakar, bai faɗi yadda za a ƙera ta ba. Neman ta ya ci kusan shekara 45.

Abokin aikinsa Richard Hamming ne ya fara buɗe hanya a 1950. Kama kuskure kaɗai ba shi da wahala. Lambar asusun banki mai lamba 10 da ake amfani da ita a Najeriya, lambarta ta ƙarshe daga sauran ake lissafo ta, domin in an yi kuskuren bugawa a gane. Amma ba ta faɗin inda kuskuren yake. Hamming ya ɗauki bit 4 na saƙo ya ƙara musu 3 na bincike, kowanne yana sa ido a kan wani rukuni daban na bit ɗin. Mai karɓa zai yi tambaya 3, kowacce amsarta "daidai" ko "ba daidai ba". Tambaya 3 na ba da amsa iri 8: guda 7 kowacce na nuna wurin da kuskure ya faɗa, ta 8 na cewa babu kuskure. Da an san wurin, gyara juyawa ce kawai, 0 ta koma 1. Da maimaita saƙo sau uku aka yi, da bit 12 aka aika maimakon 7.

Bayan shi an samu dabarar Reed da Solomon a 1960, wadda har yau ita ke sa a iya karanta lambar QR ko da wani ɓangarenta ya goge, sai ta Andrew Viterbi a 1967, wadda ta shiga cikin kowace wayar GSM. Duk da haka, har farkon shekarun 1990 ana buƙatar kusan ninki biyu na ƙarfin da lissafin Shannon ya ce ya isa, ko fiye. A 1993, a wani taro a Geneva, Claude Berrou da Alain Glavieux na wata makarantar sadarwa da ke Brest a Faransa, tare da ɗalibinsu Punya Thitimajshima ɗan ƙasar Tailan, suka gabatar da abin da suka kira turbo. Saƙo ake tsarawa sau biyu ta hanya biyu, a wurin karɓa kuma na'urori biyu su riƙa miƙa wa juna zato, "ina ganin wannan 1 ce, amma ban tabbata sosai ba", suna zagayawa har su daidaita. Sakamakon ya matso iyakar Shannon matuƙa, har manyan masana suka ɗauka kuskuren lissafi ne sai da suka gwada da kansu. Da turbo aka gina 3G da 4G.

Wannan ya sa aka koma aka tono wani aikin digirin digirgir da Robert Gallager ya yi a jami'ar MIT ta Amurka tun 1960, dabarar da ake kira LDPC, wadda aka watsar saboda kwamfutocin zamaninta ba za su iya lissafinta ba. Sai kuma Erdal Arıkan na Jami'ar Bilkent a Ankara ya zo da dabarar polar, wadda aka buga a 2009. Da ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin wayar salula a duniya, ta zauna zaɓar wa 5G dabara a ƙarshen 2016, siyasar kasuwa ta shigo: kamfanin Qualcomm na Amurka na cikin masu goyon LDPC, Huawei na Sin ya tsaya kan polar. Aka raba gardama, LDPC ta ɗauki data, polar ta ɗauki gajerun saƙonnin da ke sarrafa layi. Zafin da aka ɗauka ya fi bambancin da ke tsakanin dabarun, domin dukkansu suna dab da iyakar. Abin da ake jayayya a kai shi ne wa zai riƙa karɓar kuɗin haƙƙin mallaka.

To in an kusa ƙure iyaka a layi guda, daga ina ƙarin saurin 4G da 5G ke fitowa? Daga sarrafa siginar kanta. Babban ciwon kan rediyo a cikin gari shi ne amsa-kuwwa. Sigina na fita daga ƙarfen sabis, wato turke, ta bugi gini, ta bugi mota, ta bugi kwanon rufi, ta iso wayarka ta hanyoyi da yawa a lokuta daban-daban. Tana tafiyar mita 300 a kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, saboda haka wadda ta yi zagayen ƙarin kilomita 1 za ta makara da irin wannan kashi 3 da ɗoriya. Kamar ba komai ba, amma in kana aika alama, wato guntun sigina mai ɗauke da bit, har miliyan 20 a daƙiƙa, wannan makara ta isa ta hau kan alamomi sama da 60 da suka biyo baya ta dagula su.

Maganin da aka samu, OFDM, ya samo asali ne daga aikin Robert Chang a Bell Labs a 1966. Maimakon hanya ɗaya mai gudun tsiya, sai a yanka zangon zuwa ƙananan hanyoyi masu yawa, kowacce na tafiya a hankali. A 4G, zango mai faɗin megahaz 20 ana raba shi gida 1,200, tazarar haz 15,000 tsakanin kowanne. Kowace alama na ɗaukar kusan kashi 67 cikin miliyan na daƙiƙa, ana kuma barin ɗan gibi na kusan kashi 5 a gabanta inda amsa-kuwwa za ta mutu kafin a fara saurare. Abin da ya sa hakan ya yiwu a cikin na'urar aljihu shi ne wata gajerar hanyar lissafi da Cooley da Tukey suka wallafa a 1965, wadda ke haɗa dukkan hanyoyin ta kuma warware su a tashi ɗaya.

Sai kuma aka juya abin gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1990 Gerard Foschini da Emre Telatar na Bell Labs, da Arogyaswami Paulraj na Jami'ar Stanford, suka nuna cewa amsa-kuwwar nan arziki ce. In akwai eriya 4 a wurin aikawa da 4 a wurin karɓa, kowace eriya na jin gaurayen siginar ta wata fuska daban, kuma da lissafi za a iya warware su a samu saƙo har 4 a zango ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan ne MIMO. Bai karya dokar Shannon ba, layuka ya ƙara. Thomas Marzetta ya kai abin ƙurya a 2010 da shawarar a jera eriya masu yawa a turke guda, shi ya sa akwatunan 5G na zangon 3.5 sukan zo da hanyoyin aikawa 32 ko 64, suna tattara sigina su nufi wayar mutum kai tsaye maimakon watsa ta ko'ina.

Duk wannan lokaci wayarka na ta ba turke rahoton yanayin layi. In yana da kyau, kowace alama ta ɗauki bit 6 ko 8; in ka yi nisa ko ka shige ƙuryar ɗaki, a sauko zuwa 2, a ƙara lambobin kariya. Sandunan sabis da ke saman waya galibi ƙarfin sigina kawai suke nunawa. Ba sa nuna hayaniyar turakun maƙwabta, ba sa nuna mutum nawa kuke rabon zangon. Shi ya sa a filin taro za ka ga sabis cike amma hoto ɗaya ya ƙi tafiya.

Ɓangaren sirri kuwa labarinsa daban ne, ko da yake mutum ɗaya ne ya kafa harsashinsa. A 1949 Shannon ya wallafa wani aiki da ya yi a asirce lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya tabbatar cewa akwai kulle saƙo da ba ya karyuwa ko da wace irin kwamfuta. Saƙonka 1011 ne, makullinka 0110. Duk inda makulli ke da 1 ka juya bit ɗin saƙo, inda yake da 0 ka bar shi, sai a samu 1101. Wanda ya tsinci 1101 ba shi da hanyar sanin asali, domin kowane saƙo mai bit 4 zai iya haifar da ita da wani makullin. Sharuɗɗan ne masu tsauri: makulli ya zama na kan-mai-uwa-da-wabi tsantsa, tsawonsa ya kai tsawon saƙo, kuma kada a taɓa maimaita shi. Tarayyar Sobiyet ta karya sharaɗi na uku lokacin da matsin yaƙi ya sa aka buga wasu shafukan makulli sau biyu. Da wannan kuskure Amurka ta karanta sassan saƙonni kusan 3,000 a shirin Venona, wanda aka fara a 1943, ba a bayyana shi ga jama'a ba sai 1995.

Ba mai iya raba wa biliyoyin wayoyi makulli mai tsawon duk hirar da za su yi. Sai aka koma ga gajeren makulli da lissafi mai wuyar juyawa. Tsarin AES, wanda 'yan Beljiyam biyu, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka ƙirƙira, Amurka kuma ta amince da shi a 2001, yana iya aiki da makulli mai bit 128. Yawan makullan da za a gwada adadi ne mai lamba 39. A cikin kowane sim akwai makulli na sirri wanda kamfanin layi kaɗai ke da kwafinsa, daga shi ake fitar da sabon makulli na wucin gadi don kulle hira.

Akwai hanya ta uku, wadda masu bincike ke ƙauna. A 1975 Aaron Wyner, shi ma na Bell Labs, ya nuna cewa in layin mai satar saurare ya fi na mai karɓa na halak hayaniya, za a iya aika saƙon sirri ba tare da makulli ba sam. Ana cakuɗa saƙon da bit na banza daidai gwargwadon abin da layin ɓarawo zai iya ɗauka, sai duk abin da ya kwaso ya zama shara, saƙon gaskiya kuma ya tafi a cikin ratar da ke tsakanin iyakokin layukan biyu. Da eriya masu yawa ma ana iya ƙirƙirar ratar: a nufi mai karɓa da sigina, a watsa hayaniyar ganganci ta sauran fuskoki. Wasu kuma suna fitar da makulli daga amsa-kuwwar kanta, tunda waya da turke suna ganin hanya iri ɗaya a tsakaninsu, wanda ya matsa da 'yan santimita kuwa wata daban yake gani.

Lissafin yana da kyau ƙwarai, amma a ganina an fi yabonsa a takarda fiye da abin da zai iya a fili. Dukkansa ya rataya ne a kan sanin yanayin layin ɓarawo, shi kuwa ɓarawo ba ya sallama. Yana iya zama kusa da turke fiye da kai, da eriyar da ta fi taka girma, bai aika komai ba balle a san yana nan. Shi ya sa 5G bai dogara da wannan hanya ba. A binciken 6G ake ta maganarta, kuma in ta shigo, ƙari za ta zama a kan makulli. Ko barazanar kwamfutar kwantum, wani sabon nau'in kwamfuta da ake ƙoƙarin ƙerawa, wadda Peter Shor ya nuna tun 1994 cewa za ta iya karya hanyoyin musayar makulli na yanzu, da sabon lissafi aka tunkare ta: hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji a watan Agusta na 2024.

In aka duba inda sirrin sadarwar iska ya taɓa fashewa a zahiri, da wuya a ga an karya lissafi mai ƙarfi gaba da gaba. Tsarin kulle Wi-Fi da ake kira WEP ya faɗi a 2001, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne lambar da ke sabunta makulli bit 24 ce kawai, kusan miliyan 16.7, a layi mai cunkoso ba ta daɗewa take zagayowa. A 2017 Mathy Vanhoef na Jami'ar Leuven ya nuna yadda za a yaudari na'ura mai WPA2, tsarin kulle Wi-Fi da ya zo daga baya, ta sake amfani da lambar da ta riga ta yi amfani da ita. Ciwon Venona ne ya dawo sau biyu a sabuwar riga. GSM kuwa da rauninsa aka haife shi. Makullin tsarinsa na kulle hira, A5/1, wanda aka tsara a 1987, bit 64 ne, an kuma yi wani mai rauni da gangan, A5/2, don sayarwa wasu ƙasashe. A watan Disamba na 2009, a wani taron masana kutse a Berlin, Karsten Nohl ya bayyana aikin haɗa jadawalin da ke karya A5/1 da kayan aiki masu araha.

Mafi muni, a GSM waya ce ke tabbatar wa turke ko ita wace ce, turke ba ya tabbatar mata da komai. Duk wanda ya kunna turken bogi mai sigina mai ƙarfi, wayoyin da ke kusa za su bi shi, yana ma iya umartarsu su kashe kullewa. An toshe wannan ƙofa tun a 3G, inda kowane ɓangare ke tantance ɗan'uwansa. 5G ya ƙara da ɓoye lambar shaidar sim kafin a aika ta, amma wannan na aiki ne kawai inda aka gina cibiyar 5G cikakkiya, alhali kamfanoni da yawa a duniya sun fara ne da ɗora eriyar 5G a kan cibiyar 4G. Kuma duk ingancin sabon tsari, mai kutse na iya dagula zangon 4G da hayaniya har waya ta sauko 2G, wato GSM, da kanta, domin haka aka tsara ta, ta nemi sabis ko ta halin ƙaƙa.

Tun daga Android 12 na 2021, wasu wayoyi na da maɓallin kashe 2G gaba ɗaya. Ga mazaunin birni mai 4G a ko'ina, kashe 2G ba zai rage masa wani abu mai yawa ba. Ga wanda ke ƙauyen da 2G kaɗai ke kaiwa, ko mai riƙe da ƙaramar waya mai maɓallai, kashewar daidai take da zama babu layi, kuma ta wannan layin ne lambobin tura kuɗi da saƙon lambar sirri ta banki ke bi. Kullewar da ke tsakanin waya da turke ma a cikin cibiyar kamfani take ƙarewa, daga nan kira da tes na tafiya yadda kamfani zai iya gani. Manhajoji irin su Signal, da WhatsApp tun 2016, suna kulle saƙo daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, saboda haka turken bogi zai ga ana aika wani abu, da lokacinsa da girmansa, amma ba zai karanta abin da ke ciki ba.